Ni Ce Na Shanye Batirin Baba

Assalamu alaikum mutanen kirki, masu yabona da masu zagina a ƙasan rubutu, duk na gaishe ku. Jiya wata baiwar Allah ta rubuto min wai kullum a labarina ni ce mai gaskiya, kowa shi ne mugu. To 'yar'uwa gyara zama, yau ranarki ce. Abin da zan faɗa ko ƙannena ba su san shi ba, kuma wallahi ina rubutawa ina rufe fuska da gefen mayafi, alhali ni kaɗai ce a ɗakin.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Zuwaira, haifaffiyar Ƙaura Namoda, kuma ni ce ɗiyar fari a gidanmu. Ku riƙe wannan, don za ku buƙace shi. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana son ruwa sai ya ce da Inna, "Ce ma yarinyar nan ta kawo ruwa," ko da kuwa ina tsugune a gabansa.

Abin ya faru a shekara ta dubu biyu, ina da shekara sha tara, Shari'a tana sabuwa fil a jiharmu. Baba ya je taro Gusau ya dawo da zafinsa. Ya tattara kaset-kaset ɗin waƙa na gidan ya zuba a buhu, babbar rakodarmu ya kai wa Liman a riƙa sa wa'azi a masallaci, sannan ya kafa doka: babu zance a ƙofar gidansa, wanda ke so ya turo magabatansa. Ga shi mata sun daina hawa kabu-kabu, balle in ƙirƙiro aike in bi ta bakin tasha.

A bakin tashar kuwa Armiya'u yake. Ɗan Shinkafi ne, mai gyaran wayarin mota, dogo, marar magana, farcensa kullum da baƙin mai ko ya wanke da omo. Gwaggonnina sun tsane shi ba su ko gan shi ba. "Duk 'yan bokon kwalejin Poli ki rasa wa za ki kwaso sai mai warin batir?" Baba dai abu ɗaya ya faɗa wa Inna, ni kuma na ji ta bayan ƙyaure: "Sana'a ba ta da laihi, in dai ya iya ta. Wanda ya iya riƙon sana'a shi ka iya riƙon mace." A kan wannan maganar aurena yake tsaye, kuma ni da hannuna na je na girgiza ta.

Ku 'yan yanzu da kuke kwana da waya a ƙarƙashin filo ba za ku gane ba. Mu a lokacin kaset ne saƙonmu. Wata Laraba ƙanwar Armiya'u, Hauwa, ta zo yi min kitso, muna tsakar gida Inna na tankaɗe, sai na ji ta zura min wani abu a cikin zani. Kaset ne, ya manna masa jan salatif irin na naɗe waya a gefe. Ta raɗa min, "Yaya ya ce ki ji ke kaɗai."

In ji a ina? Rakoda tana masallaci. Kwana biyu ina yawo da kaset a ƙugu kamar laya.

Sai Shaiɗan ya tuna min da motar Baba. Tsohuwar Fijo ce ruwan toka, tana ajiye a rumfar kwano tsakanin zaure da ƙofar shiga cikin gida. Baba fataucin gero da dawa yake, kasuwar Ƙaura da ƙafa yake zuwa, motar sai ranar Alhamis in za shi kasuwar Shinkafi, ko in zai leƙa yayansa Baffa Magaji a Zurmi. Ƙofar baya ta hagu ba ta kulluwa tun da aka sayo ta. A jikin rumfar nan nake shanya, don haka ba mai tambayata me nake yi a wajen.

Bayan azahar, Baba ya kishingiɗa, na ɗauki bokitin wanki na fita. Na shige ta baya, na tsallaka gaba, na duƙa. Ban ma yi zaton rediyon za ta ci ba tunda babu makulli. Ina tura kaset ɗin sai ta haɗiye shi, ƙaras, sai ga gyaran murya.

"Bismillah. To. Zuwaira, ni ne. Ban iya magana ba, da sifana ce da na san inda zan kama."

Wayyo ni. Ana jin guduma a bayansa, can kuma jirgin ƙasa ya yi kuka ya dakata har ya wuce. Ba wata magana ba ce fa ta a zo a gani. Ya faɗi abin da ya ci da safe, ya ce ya sayi kwano bandir biyu na ɗakin da yake gini, ya ce ranar da ya fara ganina da koren hijabi a layin asibiti ya haɗa wayar wani mutum a juye har hon ya kama kuka shi kaɗai. Sannan ya ce, "Kuma wushiryarki. Shi ke nan, na faɗa. Allah Ya sa ba wanda ke kusa."

Ina cikin murmushi kamar wata sokuwa sai na ji Inna. "Ke! Shanyar ce har yanzu?" Na murɗa maɓallin murya har ƙarshe, ta yi tsit, na fice da gudu.

A nan na tafka ta. Rakodarmu ta gida in ka murɗa maɓallin murya har ƙarshe sai ta ce ƙat, ta mutu. Na ɗauka duk haka suke. Ashe wannan murya kawai na rage, kuma irin mai juya kaset da kanta ce, in ya ƙare ta koma ɗaya gefen. Ƙwan fuskarta ya daɗe da mutuwa, babu abin da zai nuna tana kunne. Kaset ɗin kuma na bar shi ciki da gangan, na ce duk gidan babu maɓoya kamarta, tunda Baba ya daina taɓa rediyon mota. Haka Armiya'u ya yi ta faɗa wa kujerun Fijo zancen wushiryata, ba dare ba rana.

Alhamis da sassafe Baba ya fito da farar jamfa da hularsa zanna, ya shiga mota. Ƙat. Ƙat ƙat. Shiru.

"Ikon Allah. Lahiya lau na aje ta."

Aka tara maƙwabta aka tura ta har bakin titi kafin ta tashi. Da ya dawo da yamma kai tsaye ya wuce shagon Chibuzor, wanda ya sayar masa da batirin, kuma shi ne ya koya wa Armiya'u aiki. Mutumin nan shekararsa ashirin a Ƙaura, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Washegari ya zo da kansa da wani batir a bayan mashin, ina jin su daga madafa.

"Alhaji, ni ban taɓa sayar maka da mataccen kaya ba. Amma tunda ka ce, ga wani, na ɗauke wancan."

"Wancan ɗin ma sabo kac ce."

"Sabo ne, Alhaji. Allah Yana gani."

Ya tafi ransa a ɓace. Ni kuwa ina ta yanka kuɓewa, har ina cewa a zuciyata kai 'yan kasuwa sai a bar su. Allah Ka yafe min. Da azahar na koma na ɗaga murya na sha zancena, na sake murɗewa na fito.

Alhamis ta biyu, ƙat ƙat, shiru.

A ranar Baba ya ce da Inna, "Wanga yaro da ke son yarinyar nan, ba aikinshi ba ne? A kira shi mu gani." Na kusa yin guɗa. Na ce yau Baba zai ga gwani. Armiya'u ya zo da wankakken yadi ruwan ƙasa, ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna ya gaida Baba har goshinsa na neman ƙasa. Ina leƙensa ta labulen ƙofar cikin gida. Ya kankare kan batir da wani farin gari ya taru a kai, ya ƙara ruwan batir, ya ɗaure bel ɗin injin caji, ya sa aka tura ta tashi, ya gwada ya ce caji na shiga.

"Insha Allahu an gama, Baba."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Baba ya ji daɗi. A satin ya aika Shinkafi cewa magabatan Armiya'u su zo ranar Asabar ta sama, bayan azahar. Ranar Litinin ya shirya zuwa Zurmi ya shaida wa Baffa Magaji, tunda shi ne waliyyina. Ya murɗa makulli. Ƙat.

Jama'a, da kun ga fuskar Baba. Aka tura ya tafi. Da ya dawo da la'asar ya shigo bai ko amsa sannu da zuwan Inna da kyau ba. Na kai masa ruwa na tsuguna, sai na ga ya kalle ni, kallo na sosai, abin da bai taɓa yi ba. Na ɗauka haushin motar ne. Gwaggo Rekiya kuwa da ta ji labari har gida ta zo. "Ahaf! Batir ma ya gagare shi riƙo, ina ga mace?"

Ranar Juma'a aka zo aka yi min lalle, ƙafa da hannu, ya kama ja wur har da duhu-duhu a yatsu. Maza sun tafi masallaci, na ce bari in je in ji muryarsa sau ɗaya kafin gobe. Na ɗaga murya. Sai na ji wani abu kamar tsoho na magana daga cikin rijiya. "Zuuu... waiii... raaa..." Ya ja, ya ja, ya tsaya cak.

Na zauna ina kallon rediyon. Sai a lokacin abubuwa suka fara dawo min ɗaya bayan ɗaya. Kullum in na dawo ba inda na bari nake samun maganar ba. Kullum fuskar rediyon da ɗumi, ko da rana ba ta taɓa wajen ba. Kuma ban taɓa kunna ta ba tun ranar farko, murya kawai nake ɗagawa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ce.

Na danna maɓallin fitar da kaset, ya ƙi. Na danna da ƙarfi, na sa tsinken kitso na zaƙula, ko motsi. Babu wuta, ta riƙe abinta. Na fito gumi har cikin lallen hannuna.

Na san me za ku ce. Ki gaya wa Inna mana. Wallahi na je har bakin ɗakinta sau biyu. Amma in ce mata me? In ce ina shiga motar Baba ina jin muryar namiji yana yabon haƙorana, a gidan da aka kai rakoda masallaci? Na ce bari dai, wataƙila gobe a tura ta tashi kamar kullum, in an kwana biyu in san dabara.

Asabar da safe Baba zai je Zurmi ya ɗauko Baffa. Ko ƙat ɗin ma ba ta yi ba. Aka tura har ƙarshen layi aka dawo da ita, ta ƙi. Baba ya ce a kira Armiya'u.

Ya zo da cajajjen batir a kan tankin mashin, ga alama daga wajen aski aka taso shi, don gefe ɗaya na kansa ya fi ɗaya. Na tsaya a bayan labule.

"Kac ce ka tabbata," in ji Baba.

"Na faɗa, Baba. A yi min haƙuri in sake dubawa. Batir biyu ba za su mutu a banza ba, akwai abin da ke shan wuta in an kashe mota."

Ya ɗora batirinsa. Ya ɗaure kai ɗaya, ɗayan ya bar shi a sake, ya ciro wani ƙwan fitila mai waya biyu daga aljihu ya haɗa tsakanin kan batirin da wayar. Ƙwan ya kama.

"Baba ka gani? Makulli na hannunka, ƙofofi a rufe, komai a kashe. Bai kamata ya kama ba. Akwai ɓarawo a cikin motar nan."

"To kamo shi."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ya buɗe akwatin fis yana zare su ɗaya ɗaya, in ya zare ya leƙo ya kalli ƙwan. Na fitilu, yana nan kunne. Na hon, yana nan. Na goge gilashi, yana nan. Ya zare duka, ƙwan ko gezau. Ya tsaya ya sosa kai. Sai ya bi jikin batirin da yatsa ya samu wata siririyar jar waya da wanda ya fara mallakar motar ya ɗaura kai tsaye. Ya ɗaure kan batirin, ya bi wayar nan a hankali har cikin mota, ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari. Na ga ya ɗago. Na ga ya kara kunnensa a jikin rediyo.

Sannan na ji ƙaras.

Daga inda nake ina hango hannunsa. Kaset ne da jan salatif a gefe. Ya kalle shi bai fi ƙiftawar ido biyu ba, ya zura a aljihun gaban rigarsa. Ya daɗe a ciki yana kwance wayar yana mayar da ita wani wuri. Da ya fito ya sake gwada ƙwan, bai kama ba.

"Mi ka samu?"

Ya tsuguna. "Baba, wayar rediyo ce ba ta bi ta makulli ba. Na gyara, yanzu sai da makulli za ta ci. Laifina ne. Ya kamata in gani tun zuwan farko, ban duba ba na ce na tabbata."

"Rediyon da ba a kunnawa ita ka shan wuta?"

"Wani lokaci... tana yi, Baba."

Ƙarya ba ta karɓe shi ba ko kaɗan. Baba ya juya ya fuskanci ƙofar cikin gida, ya ɗaga murya.

"Akwai wanda ka taɓa wagga mota cikin gidan nan?"

Inna daga madafa ta ce, "Wa zai taɓa maka mota, Alhaji?"

"Ina tambaya. Akwai wanda ka shiga motar nan?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Babu abin da ya fito.

"To. Kai yaro, ka ce laihinka ne. Mako uku ina turin mota gaban jama'a, na ci mutuncin maigidanka a banza. Wanda bai iya duba aikinshi ba, ban ga yadda za ni ba shi amana ba. Ka tari iyayenka a hanya ka ce su dakata." Ya sake juyowa wajen labulen. "Sai in akwai mai magana."

Taku ɗaya ne tsakanina da waje. Labule ne kawai, wani tsohon atamfa mai zanen ganye. Na damƙe shi da hannu biyu na tsaya kamar an dasa ni. Ina ji Armiya'u ya ce, "Na gode, Baba. Allah Ya huci zuciyarka." Ina ji ya tattara sifanunsa. Ina ji mashin ɗinsa ya tashi bugu ɗaya, har ƙararsa ta ɓace a kwanar layinmu.

Kajin da aka yanka saboda baƙi suna cikin tukunya. Inna ta sauke ta zauna a kan turmi ta rafka tagumi. Gwaggo Rekiya tana cewa, "Allah ne Ya taimake ki, ɗiyata, tun kafin a yi nisa." Na shige ɗaki na kwanta na juya wa ƙofa baya. Ban yi kuka ba da farko. Kunya ce ta cika ni har babu wajen kuka. Mutumin nan ya tsuguna ya zubar da sunan sana'arsa, abu ɗaya da yake da shi a duniya, don kada a ji nawa. Ni kuwa na kasa ɗaga atamfa.

Bayan azahar, daidai lokacin da ya kamata a ce baƙi na zaure, na tashi. Ban gaya wa Inna ba. Na sa hijabi na tafi turakar Baba, inda ban taɓa shiga ba sai da kwano a hannu. Na yi sallama na durƙusa a bakin ƙofa. Yana zaune a kan buzu da carbi.

"Baba, ni ce."

Bai ɗago ba.

"Ni ce nake shiga motar. Kaset nake ji. Ban san rediyon ba ta mutu ba. Shi bai yi komai ba, rufa min asiri ya yi." Daga nan kukan ya zo, sauran maganar ko ni ban ji me na ce ba.

Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce, "Na sani."

Na ɗago.

"Ran Litinin na ɗauki Baffanki za mu gona. Yac ce bari ya ji ko akwai wa'azi, ya murɗa." Ya ja carbi ɗaya. "Shekara goma sha tara ina jin kunyar sunanki. Sai ga shi na ji shi bakin wani, cikin motata, gaban yayana. Har da wushirya."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

"Ban san shi ka shan batir ba sai yau da na ga ya sa hannu aljihu. Baffanki dariya ya yi, yac ce yaron kirki ne, ko zance bai iya ba. Ni ma ban riƙe kaset ɗin ba. Sau uku na tambaya, Zuwaira."

Sunana ke nan na farko a bakin mahaifina. Na sha kwatanta ranar da zai faɗe shi, na ɗauka ranar da za a kai ni ɗaki ce, yana sa min albarka.

"Shi na ga irin mijin da za ya zama," ya ce. "Ke ce ban san irin matar da za ni ba shi ba. Gobe za ni wajen Chibuzor in ba shi haƙuri. Shinkafi kuma za ni aika su zo Asabar mai zuwa. In sun so. Tashi ki tahi."

In sun so. Da kalmomin nan uku na wuni na kwana na tashi.

Lahadi da la'asar ina tsakar gida ina tsince shinkafa sai ga Baba ya shigo da kansa ya tsaya a kaina. Ya ajiye abu biyu a kan faifan: kaset mai jan salatif, da makullin mota.

"Ƙanwarshi ta kawo, na tare ta a zaure. Yanzu sai da makulli taka ci. In kin gama ki kashe."

Inna ta bi ni da ido har na fita. Karo na farko na shiga motar nan ta ƙofar gaba. Na murɗa makulli, na tura kaset, na ɗaga murya.

Babu guduma, babu jirgi. Ya goge tsohuwar maganar duka. Sai shuuu na ɗan lokaci, sannan gyaran murya.

"Zuwaira. Na ga ƙafarki a ƙarƙashin labule. Lallen ya kama."

Na toshe bakina da hijabi.

"Da Baba ya yi tambayar farko, addu'a nake kada ki fito. Ta biyu ma haka. Ban so a ji kunyarki gaban kowa ba, kuma ko gobe aka sake zan sake faɗin abin da na faɗa. Amma a ta uku na so ki fito. Ban san dalili ba. Na so."

Aka ji ya ja numfashi.

"Saƙon Baba ya iso, wai mu zo Asabar. Su Kawu sun ce ni suke jira. Ban ba su amsa ba. Ɗaya gefen kaset ɗin nan babu komai, na goge shi. Naki ne."

Ƙaras, rediyon ta juya kaset da kanta. Na zauna ina jin shuuu ɗin gefen da ya bar min, hannuna mai lalle a kan cinya, ina neman kalmar da zan fara da ita, har tef ɗin ya kai ƙarshe ban samu ba. Na lalubo maɓallin kashewa, wani ɗan ƙarami a gefen hagu da ban taɓa lura da shi ba, na danna. Na zare makulli.

Rediyon mota ba ta ɗaukar murya. Rakoda ɗaya muke da ita, kuma kun san inda take. Na koma ƙofar turakar Baba na durƙusa, na miƙa makulli da hannu biyu.

"Baba... rakodar nan ta gida."

Ya karɓi makullin ya rataye a ƙusa, bai kalle ni ba.

"Tana wajen Liman. Sa hijabinki ki tahi ki karɓo. In ya tambaye ki mi za ki yi da ita, wannan karon ki buɗe baki ki hwaɗa mishi."